A Ina Zan Kama Kifi a Kogunan Arewa, Kuma Izinin Wa Zan Nema?

"Assalamu alaikum. Ni ma'aikaci ne a Kano, na kusa ajiye aiki. Tun ina yaro nake sha'awar fatsa, yanzu kuma ina so in riƙa fita sosai, idan Allah Ya hore ma in sayi kwalekwale da raga in ba wani ɗan ƙanena ya riƙa neman abinci da su. Waɗanne ruwaye ne suka fi kifi a Arewa, wane irin kifi zan tarar, kuma shin dole sai da lasisi? Wasu sun ce mini ruwa na Allah ne, babu mai hana ni, wasu kuma sun ce ana iya kama mutum."

Wa alaikumus salam, Malam. Tambayarka ta ƙunshi wuri da irin kifi da kuma izini, amma a wurin wanda ya yi aiki da masunta abubuwan nan uku igiya ɗaya ce ta ɗaure su, domin lokacin da ruwa ya kawo ko ya janye shi ne yake nuna inda kifi yake, shi ne kuma dalilin yawancin dokokin da aka kafa. Mafi yawan aikina na malamin kifi a yankin tafkin Kainji da Yawuri na yi shi, saboda haka can zan fi daɗewa, sauran wuraren kuma in taɓa su gwargwado. Waɗanda suka ce maka ruwa na Allah ne ba su yi ƙarya ba, sai dai babu wani ruwa mai kifi a ƙasar nan da ba shi da mai kula da shi, kuma sau da yawa masu kular biyu ne, hukuma da Sarkin Ruwa.

Yadda ruwa yake juya kifi

Yawancin kifayen kogunanmu ba a tsakiyar kogi suke hayayyafa ba. Idan damina ta kankama, kogi ya cika ya malala cikin fadamu, sai kifi ya bi ruwan ya shiga cikin ciyawa da gonakin shinkafa, can ya zuba ƙwai, can 'ya'yan su sami abinci da maɓoya. Idan kaka ta yi, ruwa ya fara janyewa, sai manya da ƙanana su kamo hanyar komawa kogi, waɗanda suka makara kuma su maƙale a tafkuna da gurabun da suka yanke daga uwar kogi. Saboda haka ne kamu ya fi albarka daga lokacin janyewar ruwa zuwa tsakiyar rani, sa'ad da kifi ya taru a wurare masu zurfi. Saboda haka ne kuma tare bakin fadama a farkon cika yake zama babbar ɓarna, don wanda ya kama uwa da ƙwai a cikinta ya kashe kamun baɗi.

Kogin Kwara yana da wata baiwa da sauran ba su da ita: sau biyu yake kawo ruwa a shekara. Na farko shi ne farin ruwa mai laka, wanda damunar ƙasashenmu take kawowa wajen watan Agusta zuwa Oktoba. Na biyu shi ne baƙin ruwa, wanda ya taso daga tsaunukan Gini, ya daɗe yana ratsa fadamun Mali har lakarsa ta kwanta, ba ya isowa Kebbi sai cikin hunturu, wajen Disamba zuwa Fabrairu. Mutumin da ya saba da kogunan Kano, waɗanda suke komawa rairayi da rani, yakan yi mamaki idan ya je Yawuri cikin sanyi ya tarar da kogi yana ƙaruwa alhali rabon da a ga hadari an yi watanni.

Wuraren da suka cancanci tafiya

Tun da a Kano kake, fara da abin da yake kusa. Madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974 a kan kogin Kano, tana da nisan kimanin kilomita 70 kudu da birni, sannan akwai ta Challawa da ke wajen Ƙaraye, wadda aka gama a 1992. Dukansu suna da karfasa da tarwaɗa da kurungu, kuma mai fatsa yana iya zama a gaɓa ya sami na miya ba tare da ya shiga jirgi ba. Kogunan nan biyu suna haɗuwa kafin Wudil su zama kogin Haɗeja, kuma a Wudil ɗin akwai masunta na gado da za ka koyi abubuwa da yawa a wurinsu.

Idan ka bi kogin Haɗeja gabas, za ka faɗa dausayin Haɗeja da Nguru, inda ruwan Haɗeja da na Jama'are suke bazuwa kafin su zama kogin Yobe. Wannan wuri gidan tarwaɗa ne da bargi da gaiwa da karfasa. Matsalarsa ita ce tun da aka datse kogunan sama, cikar da take malale fadamun ta ragu, ruwa kuma ya koma kwarara kaɗan-kaɗan duk shekara, abin da ya ba ciyawar kacalla damar toshe hanyoyin ruwa da yawa. Har yanzu akwai kifi, amma baƙo ba ya gane hanya a cikin kacalla sai da ɗan gari.

Wanda yake son ganin babban kifi kuwa, yamma zai nufa. Kogin Kwara yana shigowa Nijeriya ta jihar Kebbi bayan ya wuce Gaya ta Jamhuriyar Nijar, ya karɓi ruwan gulbin Sakkwato, ya gangara Yawuri, daga nan ya buɗe ya zama tafkin Kainji, wanda ya samu bayan kammala madatsar a 1968, tsawonsa kuma ya haura kilomita 130. A ganina babu inda ya kai wannan yanki yawan nau'in kifi a duk Arewa, kuma kasuwar kifin Yawuri ita kaɗai makaranta ce: ka je da sassafe lokacin da jirage suke sauke kamun dare, ka tsaya kusa da masu awo, cikin awa guda za ka ga irin kifin da ba ka taɓa gani a kasuwannin Kano ba sai a bandance. A Sabuwar Bussa kuma akwai cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa, tare da kwalejin tarayya da take horar da ma'aikatan kifi, kuma ƙofarsu ba a rufe take ga mai tambaya ba.

Akwai kuma Goronyo a kan gulbin Rima, da Dadin Kowa da Kiri a kan Gongola, da kogin Binuwai daga Yola zuwa Numan har Ibi. Amma dole in faɗa maka gaskiya game da tsaro. Tafkin Cadi, wanda kifin bandansa na Baga ya ciyar da kasuwannin ƙasar nan shekaru da dama, ba wurin da baƙo zai je yawon fatsa ba ne a yanzu, haka ma kewayen Shiroro da Bakolori da dazukan da ke yammacin Kainji. Kafin kowace tafiya, ka tambayi mutanen da suka baro wurin cikin makon.

A kowane ruwa ka je, kifi yana son inda abu biyu suka haɗu: bakin rafin da yake zuba cikin kogi, gefen ciyawa inda zurfi ya fara, ƙarƙashin itacen da ya faɗa ruwa, bayan dutse inda igiyar ruwa take juyawa ta lafa. Asuba zuwa hantsi da la'asar sakaliya zuwa magariba sun fi tsakar rana nesa ba kusa ba.

Kifayen da za ka tarar

Karfasa ita ce za ta fara gaishe ka. Tana son ruwa marar zurfi mai ciyawa, tana cin tana da dusa da ɗan ƙullin tuwo, kuma ƙaramar ƙugiya take so domin bakinta ƙarami ne. Wata irin karfasar a baki take renon ƙwanta da 'ya'yanta, saboda haka idan ka kama wadda ta furzo da ƙwai, mayar da ita ya fi cin ta amfani. Tarwaɗa kuwa da dare ta fi ci, tana bin wari, shi ya sa hanjin kaza da tana suke kama ta, kuma tana iya shaƙar iska kai tsaye, abin da ya sa take rayuwa a kududdufin da sauran kifaye suka mutu. Ɗan'uwanta ramboshi ya fi ta girma ƙwarai, yana son zurfin manyan koguna.

Kurungu yana bukatar gargaɗi na musamman. Yana da ƙayoyi uku masu tsini, ɗaya a baya biyu a gefe, kuma idan an kama shi sai ya miƙe su ya kulle, yana wata ƙara kamar gurnani. Ƙayoyin gefen suna da ƙananan haƙora irin na zarto, suna shiga nama da sauƙi amma fitarsu da azaba. Masunta sukan riƙe shi daga sama, yatsa ɗaya a bayan kowace ƙayar gefe, tafin hannu a gaban ta bayan, wasu kuma su karya ƙayoyin tun yana cikin raga kafin su jefa shi cikin jirgi, domin wanda ya taka kurungu ba takalmi ba ya mantawa. Da romo kuwa kaɗan ne kifin da ya kai shi daɗi.

Giwan ruwa shi ne burin kowa. Yana iya kusan mita biyu a tsawo, kuma waɗanda suka ci gasar Argungu a wasu shekaru sun haura kilo 70. Mafarauci ne, ƙaramin kifi mai rai ake sa masa, a zurfi kusa da duwatsu. Tsage ma mafarauci ne, yana son inda ruwa yake gudu, haƙoransa kuma suna datse zaren roba nan take, don haka sai an haɗa ɗan siririn waya tsakanin ƙugiya da zare. Ragon ruwa yana cin ƙugiya da dare a ƙasan kogi.

Akwai waɗanda ba kasafai ƙugiya take kama su ba. Bargi, wanda mutanen Kabi suke kira balli, tace ƙananan halittu yake yi daga ruwa da laka, kuma da damina yana share wani da'irar fili a cikin ciyawar fadama ya yi sheƙa, iyayen su tsaya gadi. Yauni ma sheƙar ciyawa yake yi mai yawo a kan ruwa, yana kuma cizon duk wanda ya matso ta. Sheƙunan nan a fili suke ga wanda ya san su, shi ya sa kifayen biyu suka fi saurin ƙarewa a inda babu mai tsawatarwa. Faliya raga ce take kama ta, warangi kuma, ɗan mitsitsin kifin da ake shanyawa a sayar da mudu, da atalla, wata ragar da ake nutsarwa a ɗaga, ake ɗibarsa. Gaiwa takan shige cikin laka idan ruwa ya ƙafe, ta lulluɓe kanta da majina ta kwana rani a haka har ruwan sama ya dawo. Biyu kuma ka kiyaye su: minjirya, mai jan wutar da take iya kayar da babban mutum a cikin ruwa, da talibambam mai kumbura, wanda yake ɗauke da guba, kada ka kai shi tukunya.

Abin da dokar ƙasa ta ce

Dokar tarayya da ta shafi wannan harka ita ce dokar kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa, mai lamba 108 ta shekarar 1992. Ta ce babu wanda zai yi su da jirgi mai inji sai da lasisi, kuma a wurin kwamishinan jiha mai kula da harkar kifi ake nemansa, wanda a yawancin jihohinmu yana nufin sashen kifi na ma'aikatar gona ko ta dabbobi. Ta hana amfani da ragar da idonta bai kai milimita 76 ba, wato inci uku, in ban da kayan da aka keɓe don kamun warangi. Ta haramta kashe kifi da nakiya ko guba ko wutar lantarki. Ta ba kwamishina ikon rufe wani ruwa ko wani lokaci na shekara, idan kuma ruwan ya ratsa jihohi biyu ko fiye, ikon yana hannun minista. Ta kuma hana shigo da kifi mai rai ko fitar da shi daga ƙasa ba da izini ba.

Ka lura cewa lasisin da wannan doka ta ambata na jirgi mai inji ne. Mutumin da ya zauna a gaɓa da sandar fatsa ɗaya don abin miyarsa, a abin da na gani, ba a cika tambayarsa takarda ba. Amma jihohi suna da nasu dokokin da suka zarce na tarayya, wasu suna karɓar kuɗin shekara a kan kowane kwalekwale ko kowane irin kayan su, ko da babu inji. Kuɗin ya bambanta daga jiha zuwa jiha kuma yana sauyawa, saboda haka ofishin kifi na jihar da ruwan yake ciki ne zai faɗa maka na bana, kuma ka karɓi rasit na gwamnati, ka sa shi a leda ya zauna a jirgi. Idan dam ne, akwai kuma hukumar da take riƙe da shi: Tiga da Challawa suna hannun hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are, Goronyo da Bakolori suna hannun ta Sakkwato da Rima, kuma kusa da bangon dam ko tashar lantarki ba wurin su ba ne ko da kana da takarda. A cikin gandun dajin ƙasa, kamar na Kainji ko yankin Dagona a Yobe, kamun kifi ba da izinin masu gandun ba laifi ne da ake gurfanar da mutum a kansa. Ayu kuma, idan ya faɗa raga, dabba ce da doka ta hana kashewa. Idan su ya kai ka hayin Gaya, ka sani takardar Nijeriya ba ta aiki a can, sai ka nemi ta jami'an ruwa da daji na Nijar.

Tarar da aka rubuta a 1992 ta zama abin dariya a kuɗin yau, kuma jami'an da za su zagaya ruwa ba su da yawa. Abin da yake cizo shi ne ƙwace raga da jirgi, da kuma hukuncin mutanen gari.

Ni dai a cikin dokar nan duka, maganar idon raga ce na fi ɗauka da muhimmanci, fiye da takardar lasisin kanta. A tafkin Kainji na ga abin da dala take yi, wato doguwar ragar nan mai ido kamar gidan sauro da ake zagaye ruwa da ita a jawo gaɓa. Warangi ake cewa ana nema, amma idan ka tsuguna a kan abin da aka shanya a rairayi ka tona da yatsa, sai ka ga 'ya'yan faliya da na karfasa da na giwan ruwa waɗanda ba su kai tsawon ɗan yatsa ba, kowannensu da an bar shi shekara biyu da ya cika faranti. Wannan ne ya sa jihohin Neja da Kebbi suka haramta dala a tafkin a ƙarshen shekarun 1990, lokacin wani shirin haɗin gwiwa da Jamus, kuma abin da ya sa hanin ya yi tasiri a lokacin shi ne an sa sarakuna da sarakunan ruwa a gaba. Haka dumba take, jerin gurar Mali da ake gitta wa hanyar ruwa daga gaɓa zuwa gaɓa: mai ita yana cika kwando, na ƙasa da shi kuma ya tashi a tutar babu, shi ya sa rigima ba ta ƙarewa a kanta. Guba kuwa, ko magimfa ta gargajiya ko maganin ƙwari na gona, ba ta zaɓe, kuma ruwan da aka zuba ta shi mutane da shanu suke sha.

Sarkin Ruwa

Takardar gwamnati ba ta isa ta shigar da kai ruwa lafiya ba. Tun kafin zuwan Turawa, Sarkawa da sauran masunta suna da tsarinsu, kuma har yau a kusan kowane garin bakin kogi akwai Sarkin Ruwa ko mai irin matsayinsa, wanda ya san gurbin da yake na wane gida, da tafkin da aka rufe sai ranar su na gayya, da kayan da garin bai yarda da su ba. Argungu ce misalin da kowa ya sani. Bikin da ya samo asalinsa na zamani a 1934, lokacin ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu, wanda kuma hukumar UNESCO ta sa cikin al'adun duniya a 2016, ya dogara ne a kan hana su a Matan Fada har sai ranar da aka buɗe, kuma ranar ma da homa da gora ake shiga. Manyan kifayen da ake ɗagawa a gaban baƙi amfanin wannan hanin ne. Bade da Ibi ma suna da irin wannan biki, ƙauyuka da yawa kuma suna da nasu ƙananan tafkunan da suke rufewa ba tare da kowa ya ji labari ba.

Idan ka isa gari, ka fara da gidan mai gari ko Sarkin Ruwa, da ɗan goronka, ka faɗi ko kai wane ne da abin da ya kawo ka da irin kayan da ke hannunka. Galibi za a yi maka maraba, a haɗa ka da yaron da zai nuna maka wuri, a kuma gaya maka inda dorina take kwana da inda aka shimfiɗa mamari, wato doguwar igiyar nan mai ɗaruruwan ƙugiyoyi marasa abinci, wadda ba ta bambanta kifi da ƙafar mutum. Da ɗan gari akan ci gari. Dorina ba abin wasa ba ce a yankin Yawuri da kan Gongola, musamman mai ɗa, kuma tsayuwa cikin ruwan da ba ya gudu tana jawo tsargiya, don haka idan ka ga jini a fitsari bayan irin wannan fita, ka nufi asibiti.

Game da ɗan ƙanenka

Shawarata ita ce kada ka fara da sayen jirgi. Ka kai shi wurin wani masunci a garin da kuka zaɓa ya bi shi daga janyewar ruwa zuwa faɗuwar damina, ya koyi tuƙi da jifan birgi da ɗinkin raga da banda, ya kuma tabbata ya iya iyo, domin ribar su ba a kamu kaɗai take ba, rabinta tana wurin hana kifi lalacewa kafin ya isa kasuwa. Idan ya tsaya, sai ku sayi kwalekwale a wurin masassaƙan yankin, wanda ya dace da ruwan, ku yi masa rajista a ofishin kifi na jiha, idan kun ɗora inji kuma ku tuntuɓi hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, ku saya masa rigar kariya daga nutsewa ya riƙa sawa ko da abokansa za su yi masa dariya. Ranar sayen raga kuwa ka je da kanka da abin awo a aljihu. Masu sayarwa da yatsu suke faɗin girman ido, su ce mai yatsa biyu ko mai yatsa uku, amma yatsun mutane ba ɗaya ba ne. Ka kama ido ɗaya, ka ja shi har ya rufe ya zama layi, ka auna daga ƙulli zuwa ƙullin da ke fuskantarsa. Idan bai kai inci uku ba, ka ce a ɗauko wata.